A Buɗe Zauren Lugard Hall Ga Ɗalibai

Ya Edita,

Rahotonku kan tsofaffin gine-ginen gwamnati ya sa na rubuto game da Lugard Hall, mazaunin Majalisar Dokokin Jihar Kaduna. A ƙarƙashin ƙubbarsa Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa suka yi zamansu a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya riƙe Firimiya daga 1954 zuwa 1966, amma yau matasa da yawa suna wucewa ta bakin ƙofarsa ba su san abin da aka yanke a ciki ba.

Ina roƙon majalisa ta ware ranakun da ba ta zama domin ɗalibai su shiga tare da malaman tarihi, kuma duk gyaran da za a yi kada ya taɓa ainihin fasalin ginin.

Naku,
Wani malamin makaranta, Kaduna