Ruwan azurfa da na'urar da ake ruɗar mutane da ita

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan ruwan azurfa da ake tallar sa yanzu a matsayin maganin kowace cuta.

Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Makon jiya yayata ta zo gidana da wata kwalba, an rubuta 20 ppm a jikinta, wato miligiram 20 na azurfa a kowace lita. Ta ce mai sayarwar ya tsoma wata na'ura mai kama da biro, lamba ta fito, sannan ya haska jar fitilar leza, hasken ya ja zare a cikin ruwan. Wai ya ce mata, "Hajiya, kin ga azurfar da idonki." Na ce, Yaya, ki ɗan dakata da sha tukuna.

Na'urar nan TDS ake ce mata, masu sana'ar fiya wata sun san ta. Abin da take aunawa shi ne yadda ruwa ke wuce da lantarki, sai ta mayar da shi lamba bisa ma'aunin gishiri. Ba ta bambanta azurfa da kanwa. Ƙwayoyin azurfar da ba su narke ba kuwa, waɗanda ake kurantawa, ba ta ma san da zamansu ba. Na ɗauko tawa na tsoma a ruwan rijiyarmu, lambar ta ninka ta kwalbar. Yaya ta yi dariya ta ce ashe arziki ne a tsakar gidana ban sani ba.

Zaren hasken gaskiya ne, masanin nan John Tyndall ya bayyana shi tun ƙarni na 19. Shi ne abin da ake gani idan fitilar mota ta ratsa hazo a hanyar Zariya lokacin hunturu. Amma ɗigon madara ɗaya a kofin ruwa ma zai ba da zaren. Yana nuna akwai ƙwayoyi, bai faɗi na mene ne ba, balle yawansu.

Na zuba ɗan gishiri a kaɗan daga ruwan, ya yi fari-fari, alamar akwai narkakkiyar azurfa. Iyakar abin da zan iya sani a gida ke nan. Sanin adadin sai ɗakin gwaje-gwaje, inda ake fesa ruwan cikin harshen wuta a auna hasken da azurfar ta shanye.

Ko da an auna ya cika 20 ɗin, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke tun 1999 cewa ba a tabbatar da amfaninsa ko rashin illarsa ba. Mai yawan shan sa azurfar na taruwa a jikinsa, fata ta rine ta koma shuɗi-shuɗi mai toka, kuma ba ta komawa. Man azurfa da likitoci ke shafa wa ƙuna daban ne, shi a fata ake sa shi, ba sha ake yi ba.

Ina roƙon NAFDAC ta ɗebi irin waɗannan kwalabe ta auna, ta faɗa wa jama'a abin da ta samu. Yayata tana shan ƙwayar maƙoƙo kullum, azurfa kuwa tana iya hana jiki karɓar wannan magani yadda ya kamata. Kwalbar tana wurina, na ce ba zan ba ta ba sai ta ga likitanta.

Naka,
Malamin kimiyya,
Unguwar Sanusi, Kaduna.