Ga samarinmu masu sha'awar tseren iyo, keke da gudu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin samarin karkarar Ringim da Hadeja, masu iya iyo da tuƙa keke, kan tseren tirayatulan, wato haɗakar iyo da keke da gudu, wanda ya shiga gasar Olamfik a birnin Sidni na Ostareliya a shekarar 2000. A ma'aunin Olamfik, iyo kilomita 1.5 ne, keke kilomita 40, gudu kilomita 10, a jere ba hutu. Na Ironman kuwa, wato dogon nau'in tseren, kilomita 3.8 ne da 180 da 42.2.

Wurin da ake shan wuya shi ne sauka daga keke zuwa gudu. Cinya ta saba da juya feda, sai ƙafa ta yi nauyi. Maganinsa a atisaye ne: ana sauka a kama gudu nan take, ko na minti 15. A dogon tsere jiki na buƙatar sukari giram 60 zuwa 90 duk awa, da ruwa mai ɗan gishiri. Wanda bai saba wa cikinsa tun a gida ba, gudawa ce za ta tare shi a hanya. Sannan ɗauko keke kafin ɗaure hular kwano laifi ne, akwai hukunci.

Fita waje kuwa sai mai ɗaukar nauyi. Za a kwance feda da ƙafafun keke a sa a akwati, ga kuɗin kaya a jirgi, ga biza, ga ruwan Turai mai sanyin da sai da rigar roba. A nan gida, don Allah a guji atisaye a kududdufi da fadama saboda tsargiya.

Naka,
Mai karatu daga Ringim, Jihar Jigawa