Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Masu Huda Ƙarƙashin Titinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka. Mu talakawanka, mazauna layin bayan makarantar firamare, mun durƙusa gabanka da kukanmu, tare da neman afuwa idan harshenmu ya yi kaushi.

Ranar Talatar da ta wuce, bayan azahar, masu shimfiɗa kebul na intanet suka kafa injinsu a bakin titi, suka fara huda ƙasa don su ratsa ƙarƙashin kwalta. Kafin la'asar sai ga ruwa yana ɓulɓulowa ta tsagin kwalta, jajawur da laka. Sun fasa babban bututun famfo, kuma daidai inda ya gifta tsohon bututun ruwan kwata, wanda shi ma suka tsaga. Suka ɗaure wurin da roba, suka mayar da ƙasa, suka tafi. Washegari da aka kawo ruwa, wata dattijuwa ta tari bokiti guda ta kawo ƙofar masallaci, kumfa a samansa, warinsa ya ishi mai wucewa. Ranka ya daɗe, wannan ruwan ne 'ya'yanmu ke sha, kuma ba mu manta da kwalarar 2021 ba. Yau kwana shida muna hannun 'yan garuwa, jarka ta ninka kuɗi.

Ba yau aka fara ba. Bara wasu sun tsinke wayar wuta ta ƙarƙashin ƙasa, muka kwana biyu a duhu. Mun je wurin mai unguwa, mun je wurin dagaci, mun rubuta takarda, mun sake rubutawa, har mun daina ƙirgawa.

Akwai dattijo cikinmu da ya yi shekaru yana aikin famfo. Shi ya fahimtar da mu cewa aikin nan yana da ƙa'ida. Kafin injin ya shiga, ana tona ramin gwaji da hannu a duk inda za a gifta bututu ko waya, a gan shi da ido, a auna zurfinsa. Ana barin tazarar aƙalla santimita 30 tsakanin sabon kebul da abin da aka tarar, kuma ba daga kan ƙarfen huda ake aunawa ba, daga faɗin ƙarfen da ake jawowa baya don buɗe ramin, domin shi ne ke yin ɓarnar. Tsakanin bututun ruwan sha da na ƙazanta kuwa, jihohi da dama a Amurka suna barin mita 3 idan suna tafiya gefe da gefe, santimita 45 idan ɗaya ya gifta ɗaya. Masu kebul ɗin nan kuwa ko cebur ba su sa a ƙasa ba kafin su fara huda. Da muka tambayi mai kula da aikin ko ya san abin da ke ƙarƙashin titin, sai ya ce shi mita nawa ya ja a yini ake tambayarsa.

A 2020 gwamnoni sun amince da naira 145 kan kowace mita a matsayin kuɗin izinin shimfiɗa irin wannan kebul. Tunda akwai izini, ai ya kamata a samu wanda zai tsaya ya ga yadda ake aikin.

Muna roƙonka, ranka ya daɗe, ka sa baki a tono wurin a yi gyara na gaskiya, a canja bututun, a raba shi da na kwata, a wanke layin da sinadarin kilorin kafin a sake ba mu ruwa. Kada injin ya sake shiga unguwar nan sai an tona ramin gwaji a gaban mai unguwa da ma'aikatan ruwa da na wuta. A biya waɗanda ruwa ya shiga shagunansu. Kuma don Allah a tono wurin nan, domin har yanzu ƙasar tana jiƙe, kwaltar ta fara lotsawa, kuma ta nan yaran firamare ke tsallakawa safe da rana.

Allah ya taimaki Hakimi, ya ja kwana.

Mu ne naka masu biyayya,
Dattawa, matasa da iyaye mata na layin bayan makarantar firamare.