Jirgin da ya faɗo a Opebi: ku dinga kawo mana ƙarshen labari

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ina rubuto maka ne daga Agege a nan Legas, kuma ƙorafi ne na kawo, amma na mai son jaridarku ne.

Duk ranar da jirgi ya faɗi kuna kawo mana labari da zafinsa, hotuna da sunayen mamata da ta'aziyyar gwamna, daga ƙarshe a ce hukuma ta fara bincike. To daga nan sai shiru. Binciken nan fa ana yinsa kuma rahoto yana fitowa, sai dai da Turanci ne mai kauri, a shafin hukuma, mu kuma da muke kwana muna tashi a ƙarƙashin hanyar jiragen nan ba mai zuwa ya faɗa mana abin da aka gano.

Bari in ba ka misali da wanda ya faru a kusa da mu. Ranar Juma'a 28 ga Agusta 2020, da tsakar rana ana shirin tafiya masallaci, wani ƙaramin jirgi mai saukar ungulu ƙirar Bell 206 na wani kamfani mai zaman kansa ya faɗo a Opebi cikin Ikeja, a tsakanin gidajen mutane, ya rushe katanga ya lalata motoci. Daga Fatakwal ya taso, saura ƙiris ya isa filin jirgin Murtala Muhammed. Mutum uku ne a ciki, biyu sun rasu nan take, na ukun ya cika a asibiti. Da yake wuta ba ta tashi ba, kafin la'asar labari ya zagaye gari cewa wai matuƙin ne ya zubar da man jirgin tun yana sama don kada gobara ta cinye unguwa, a wajen mai shayi da tasha da WhatsApp duk zancen kenan, har yau in ka tambayi wasu haka za su ce maka.

Amma da hukumar binciken haɗurran jirage, wadda a lokacin ake kira AIB, ta fitar da rahotonta na farko, abin da ta ce daban ne. Ta ce wannan jirgin ba shi ma da hanyar zubar da mai a sama, kuma da aka duba tankinsa bayan faɗuwar ba a samu mai a ciki ba. An cika tankin ne tun jajiberin tafiyar, bayan an cika kuma aka tada inji aka yi ɗan shawagin gwaji na kusan rabin awa gaba ɗaya, washegari ya ɗauki hanyar Legas ya yi kusan awa uku a sama, alhali cikakken tankinsa awa uku da ɗoriya kaɗan yake kaiwa. Rahoton ya kuma nuna takardar lafiyar matuƙin ta ƙare aiki tun farkon watan. Ba ina faɗin haka don in ci naman mamaci ba ne wallahi, bawan Allah ya tafi kuma ba shi kaɗai ke da alhakin lissafin ba, akwai kamfani akwai masu sa hannu a takarda akwai hukumar NCAA mai sa ido kan harkar jiragen sama. Direban tirela da ya taso daga Kano in mai ya ƙare masa a hanya sai ya gangara gefen titi ya jira, shi na sama ina zai gangara? Kan rufin wani zai sauka.

Wani abin da mutane ba su sani ba, irin waɗannan ƙananan jiragen da yawansu ba su da baƙin akwatin nan mai naɗar bayanai, doka ba ta wajabta musu ba, na Opebi ma ba shi da shi. Kenan masu bincike da tarkacen za su yi aiki. Su duba farfela su gane ko inji na juyawa lokacin da ya bugi ƙasa ko ya riga ya mutu, su duba tanki da bututun mai, su saurari maganar da matuƙi ya yi da masu ba jirage hanya, su bi takardun shan mai da na gyara ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa abin da muke yi a wajen haɗari yake ba ni takaici, kowa ya ruga da waya a hannu yana bidiyo, ana tattake wuri, wani ma ya tsinci ɗan ƙarfe ya sa a aljihu. Ɗan ƙarfen nan mai yiwuwa shi ne zai nuna abin da ya kashe mutanen. Ina roƙon 'yan uwana masu gwangwan da 'yan acaɓa, mu ne muke fara isa wuri sau da yawa, a taimaki wanda ke da rai a fito da shi, sauran kuma a bar shi yadda yake.

Na san za a ce ƙaddara ce, kuma ni ma na yi imani kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma ai binciken ba don a dawo da wanda ya tafi ake yinsa ba, ba kuma don a ɗaure wani ba, ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya ICAO ma ta faɗa ƙarara cewa manufarsa hana sake aukuwa ce. Ita ce kuma ta ce rahoton farko ya fito cikin kwana 30, na ƙarshe a yi ƙoƙari cikin shekara guda, in bai samu ba a dinga sanar da jama'a inda aka kwana duk shekara. Jirgin Dana da ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga ranar 3 ga Yuni 2012, mutum 153 na ciki duk suka rasu, har da wasu mutanen da ke ƙasa, sai a 2017 rahotonsa na ƙarshe ya fito. Iju nan ne bayanmu fa. Wa ya tsaya yana tambaya a cikin shekarun nan?

Kuma abin bai tsaya ba. Ranar 1 ga Agusta 2023 wani ɗan ƙaramin jirgi ya faɗo kan titin Oba Akran ya kama da wuta, Allah ya kiyaye mutum biyun da ke ciki suka tsira, titin da dubban mutanenmu ke bi kullum tsakanin Agege da Ikeja.

Abin da nake nema a wajenku ba mai yawa ba ne. Yanzu hukumar binciken nan AIB ta koma NSIB, kuma tana saka rahotanninta a intanet kyauta. Ku ware ɗan jarida ɗaya ya dinga bibiya, in rahoto ya fito ya karanta ya rubuto mana da Hausar da mai sayar da tumatur a Mile 12 zai gane, me ya jawo, me aka ce a gyara, wa aka ce ya gyara. Bayan wata shida kuma ya koma ya ƙwanƙwasa ƙofar NCAA ya tambaya ko an gyara ɗin. Ku fara da na Opebi da na Oba Akran don Allah.

Naku mai karanta ku kullum,
daga Agege, Legas.