Kada mu ƙarar da tsofaffin motocinmu a kan sikeli

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan uwana kanikawa da masu tsofaffin motoci, musamman na nan Jos. Abin da ke damuna shi ne yadda ake janyo Fijo 504 ko Bitil wadda ba abin da ya same ta sai dogon zama, a sa mata guduma, a auna ta kilo-kilo, 'yan gwangwan su loda a tirela. Kuɗin da mai motar zai karɓa ko cefanen wata ba zai yi masa ba.

Ni bakanike ne, a gareji na yi furfura. Bara ɗiyata da ke karatu a Italiya ta ɗauki nauyina na je birnin Rum. Da ta lura hankalina ya fi tafiya kan motocin da ke gefen titi fiye da gine-gine, sai ta ce, "Baba, gobe zan kai ka inda ranka zai yi fari." Ashe akwai masu sana'ar zagayawa da baƙi a cikin tsohuwar Fiat 500, wadda aka fara ƙerawa a 1957 aka daina a 1975.

Motar ba ta kai mita 3 ba. Injinta a baya yake kamar na Bitil, silinda biyu kacal, ba lagireto, iska ce ke sanyaya shi. Ba da makulli ake tayar da ita ba: akwai 'yan sanduna biyu a ƙasa tsakanin kujeru, ɗaya ta cok, ɗaya ta tayarwa. Giyar wadda muka shiga irin ta da ce, sai ka taka kuloci sau biyu, idan za ka sauko kuma ka ɗan ba ta wuta a tsakani, in ba haka ba ta yi ƙarar da za a ji a ƙarshen layi. Direbanmu matashi ne, amma ƙafarsa ta ƙware, na sara masa. Rufin yadi ne, aka naɗe shi baya, gwiwoyina na dungurar gaban mota, ga titin duwatsu ne jere, kowane dutse sai ka ji shi a ƙugunka.

A haka muka wuce Kolosiyam, tsohon filin wasannin Rumawa wanda aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, muka kutsa lungunan unguwar Trastevere da babbar mota ba za ta shiga ba, muka hau tudun Gianicolo inda ake harba igwa kullum da ƙarfe 12 na rana, gari duka a ƙarƙashinka. Abin da ya ba ni mamaki, duk inda muka tsaya sai baƙi su juya wa ginin baya su ɗauki hoton motar. Motar talaka ce fa a zamaninta, an ƙera sama da miliyan 3, ita ma'aikaci ke saye ya cusa iyalinsa. Yau ita ke ciyar da direba da bakanike da mai fenti da mai ɗinkin kujera.

To mu me muka rasa? Tun 1975 kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, 504 kuwa babu gidan da ba shi da labari a kanta: ita ce motar gwamnati, ita ce tasi, ita ta kai amare ɗakinsu. Wurin zuwa ma akwai. Gidan tarihi na Jos tun 1952 yake, Bature mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya kafa shi, a ciki akwai gumakan Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa. A gefensa ga kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, ga kayan ƙaramin jirgin ƙasan da ya riƙa zirga-zirga tsakanin Zariya da Jos har aka rufe layin a 1957. Daga nan a bi ta Rayfield a ga tafkunan da haƙar kuza ta bari, a zarce Riyom wajen duwatsun nan da suka hau kan juna, a dawo Naraguta a sayi takalmi da jaka. Ga sanyin da ba kasafai ake samun irinsa a Arewa ba, wanda mota ba ta buƙatar iyakwandishan.

Na san za a ce ai baƙi sun guje mu saboda rigingimun da aka sha, kuma hanyoyi sun lalace. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ni ba Turawa nake jira ba. Mutanen Abuja na hawowa hutun ƙarshen mako, ga ɗalibai, ga masu biki da ke kashe maƙudan kuɗi kan hayar jif don rakiyar amarya. A wanke 504 fara sol a tsayar a ƙofar gidan biki, a ga ko dattawa ba za su taso daga kujerunsu ba. Maganar kayan gyara kuwa, har yanzu ana samun na 504 a Dilimi da Kaduna, sai dai kullum raguwa suke yi, domin duk wadda aka fasa ta tafi da gilashinta da fitilunta da dashbod ɗinta. Masu iya saita kafireta da kunne su ma muna ƙarewa, yaran yanzu sai sun jona kwamfuta kafin su san ciwon mota.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu na kanikawa ita ce mu fara da rajista: wa ke da me, a wane hali take. Wanda kuma ya gaji mota daga mahaifinsa bai da halin gyara yanzu, ya ɗora ta a kan bulo, ya zuƙe tsohon mai, ya cire batir, ya rufe ta da tamfol ta yadda iska za ta riƙa shiga, ya adana takardunta da lambarta ta asali. Idan ɗan gwangwan ya zo tayi, ya fara nuna wa bakanike tukuna.

Na gode da fili.

Naka,
Wani tsohon bakanike,
Farin Gada, Jos.