Kaset ɗin bidiyo da muka jibge a kwali

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in ja hankalin masu tsofaffin kaset na VHS a gida. Tun da kamfanin JVC ya fito da shi a 1976, ya kuma kayar da Betamax na Sony a kasuwa, mutane suka dinga ɗaukar shirye-shiryen talabijin, labarai ne, ƙwallo ne, kaset ɗaya na E-180 ya cinye awa uku, in ka sa LP kuma, wato tsarin ɗauka mai tsawaita lokaci, ya kai shida amma hoton sai a hankali. Wasu har ɓalle ɗan haƙorin nan na jikin kaset suke yi don kar yara su goge musu abu, mai wayo kuma ya liƙa salatif ya ɗauka a kai abinsa.

To matsalar ita ce tef ɗin maganaɗisu ne, zafi da danshi na cinye shi, har fumfuna yake yi. Kuma Funai, kamfani na ƙarshe mai ƙera injin bidiyon, ya daina tun 2016. Wallahi duk wanda nasa ke aiki ya nemi ɗan kebul ɗin USB mai ɗaukar hoto ya kwashe su zuwa kwamfuta tun injin bai fara tauna tef ba.

Naku,
Wani mai karatu