Sandar Sarrafawa a Kan Sintasaiza Haɗin Gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin matasanmu masu haɗa sintasaiza da hannunsu, wato na'urar da ke ƙirƙirar sautin kiɗa da lantarki. Na ƙara wa tawa sandar sarrafawa irin ta wasan bidiyo, mai juriya biyu masu canzawa (abin da ke rage ko ƙara ƙarfin wutar da ke wucewa) na om 10,000 a ciki, ta yadda turawa gaba ke ɗaga murya ta ƙara sirancewa, karkatarwa gefe kuma ke buɗe matatar sauti, wato sashen da ke rage kaifin sauti ko ya bar shi ya fito. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin sintasaizar VCS3 ta Ingila ta zo da ita tun 1969.

Abin da ya wahalar da ni shi ne, idan sandar ta koma tsakiya tana fitar da rabin ƙarfin wutar, sai muryar ta goce, har sai da na ƙara ƙaramar juriya mai daidaitawa.

Naka mai karatu,
daga Kano.